Kambal Biyar a Gida Ɗaya

Dutsin-Ma,
Talata, 5 ga Oktoba, 2021,
ƙarfe goma da minti ashirin na safe.

Zuwa ga Kawu Malam Tukur, Kurfi.

Assalamu alaikum Kawu. Ina rubuta wannan takarda a zauren gidan Goggo Rabi, littafi a kan gwiwata, Bilya direba na tsaye bakin ƙofa. Ya ce minti goma sha biyar ya ba ni, in motarsa ta cika ba zai jira ba. Yau kwana ashirin da shida da rufe layin waya, ba ni da hanyar samunka sai ta hannunsa. Ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Ina gaida Hajiya Khadijat. Mu nan lafiya lau, sai dai Goggo ba ta sa komai a bakinta ba tun safe.

Ƙarfe tara saura kwata Bilya ya shigo, ko zama bai yi ba ya ce, "Na'ima, an ɗauke Kambal ɗinku." Na ce wane Kambal? Ya ce, "Yayanki mana, mai allurar shanu. Kambal nawa gare ku?" Na ce su wa suka ɗauke shi, mutanen daji? Ya ce a'a, 'yan sa-kai ne. Goggo ta ce alhamdu lillahi tunda ba ɓarayi ba ne. Bilya ya dube ta. Wannan kallon ne ya kashe mini jiki.

Ga abin da na samu daga bakinsa, kuma shi ma ji ya yi a tasha. An tare Yaya jiya Litinin bayan la'asar, yana dawowa Barkiya daga wata ruga, da babur ɗinsa da akwatin sanyin da yake zuba magani. Wani ya ce a bakin rafi aka tare shi, wani ya ce a hanyar gonaki. Wani ya ce an doke shi, wani ya ce da ƙafarsa ya bi su. Na tambayi Bilya ko akwai wanda ya gani da idonsa, ya ce, "Ke kam sai ka ce alƙali. Mutane na gudun tsira da rai, wa zai tsaya gani?"

Kawu, don Allah ka rubuto mini gaskiya, kada ka rage komai don ina mace ko don ina nesa. Yana da rai? A ina yake? Me suka ce ya yi? Katinsa na aiki yana jikinsa? Inna fa, tana Barkiya ita kaɗai? Tun rasuwar Baba ba ta da kowa a gidan nan sai shi.

Ina so in taho. Goggo ta ɗauke takalmana ta ɓoye, ta ce sai da izininka.

'Yarka,
Na'ima Zubair.

*

Kurfi,
Laraba, 6 ga Oktoba.

Zuwa ga ɗiyata Na'ima.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni. Ƙafa da sauƙi, in ban taka ta ba. Hajiya na amsawa. Ki gaya wa Rabi ta ci gaba da riƙe takalman.

Yana da rai. Na gan shi da idona yau da hantsi. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, don ana buɗe takardu a shingayen hanya, amma kin san shi, mai rijiya biyu a bakin masallaci. An ɗaure shi cikin wani ɗakin ajiyar taki. Sun doke shi, hannunsa na dama ya kumbura. Ya gane ni, ya ce in gaida ki, in ce kada ki yi kuka ki ɓata idon karatu.

Shugaban yaran Sabitu ne, na koyar da shi aji uku da aji huɗu. A watan Agusta aka kashe ƙannensa biyu suna noma. Bayan haka suka kama wani mai kai wa mutanen daji kaya, shi ya gaya masu akwai wani mai yi wa ɓarayin allura da ɗinke raunuka, ana ce masa Kambal. Tun lokacin suke neman mai wannan suna. Ranar Litinin suka ga mutum da sirinji da kwalabe, suka tambayi wasu mata masu ɗebo ruwa wane ne wannan, matan suka ce Kambal ne. Ya nuna katinsa mai sunansa na yanka, suka ce suna biyu gare shi, ka ji munafuki.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne wannan. Da ya ce gidansu na Barkiya, suka kai shi har ƙofar gida, suka kira mahaifiyarki a gaban jama'a. Sabitu ya ce, "Baba, wannan ɗanki ne? Mi ne sunanshi?" Kin san Hawwa'u. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu ne a kansa. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunan nan ba, ba ta taɓa cewa ɗana ba, ko a asibiti. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Yaron mutanen gidan nan ne." Aka sake tambaya, ta juya baya. Ita a ganinta ta amsa, duk wanda ya tashi cikinmu ya san ta amsa. Su kuwa yaran nan na yanzu suka ce, kun gani, uwar ma ta tsame hannunta.

Na kai magana inda ya kamata, an ce za a duba. Amma Sabitu ya rantse ranar da suka hango motar hukuma ta nufo su, ranar za a rasa shi. Don haka na koma na durƙusa wa yaron da na koya wa ƙidaya. Ya ce, "Malam, tashi, kana ba ni kunya. Amma ka gaya mini, Kambal nawa ne a ƙasar nan? Sunan da ko a rediyo ban taɓa ji ba? Ɗaya ne, kuma ga shi a hannunmu." Da ƙyar, da sa bakin mai unguwa da liman, ya yarda a zauna ranar Alhamis ta mako mai zuwa, sha huɗu ga wata, da hantsi. In ba mu kawo abin da zai gamsar da su ba, ya ce su ke da hukunci. Kin san abin da hakan ke nufi.

To Malama mai digiri, ga ranar karatunki. Ba a kan kakanki da allurar shanu kika rubuta littafinki na gama jami'a ba, kika dame mu da tambayoyi wata shida? Ki rubuto mini asalin sunan nan da yadda ya shigo gidanmu, da hujja, a takarda ɗaya da zan karanta masu. Ni in na faɗa da baki, za su ce tsoho ne yana kare ɗan ƙanwarsa.

Kawunki,
Tukur.

*

Dutsin-Ma,
Alhamis, 7 ga Oktoba,
ƙarfe biyu da rabi na rana.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka wuni lafiya, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar. Goggo ta sha kunu yau. Na karanta takardarka sau huɗu. Saura kwana bakwai.

Ga abin da ka nema. Na ciro shi daga hirarrakin da na yi da tsofaffi goma sha ɗaya bara, da takardar shaidar aikin Kaka wadda na ɗauki hotonta. Inda ban tabbatar ba na faɗa. Ka gafarce ni, dole na rubuta sunan a fili.

Kambal sunan wani Bature ne likitan dabbobi, mutumin ƙasar Sikotlan, wanda ya yi aikin rigakafin bushiya, cutar nan mai kashe shanu, a wannan yanki kafin samun mulkin kai. A takarda an rubuta Campbell. A ƙasarsu sunan wata babbar zuri'a ce, na bincika na samu masu shi ba iyaka, sojoji da likitoci da alƙalai. Kaka ya bi shi shekara shida yana riƙe masa shanu, har ya iya allurar ya fi shi sauri, makiyaya suka riƙa ce masa Kambal. Da aka fara yi masa takwara, 'ya'yansa da matan gida ba su iya kiran sunansa na yanka, sai laƙabin ya bi duk yaron da aka sa wa sunan. Ga su bi da bi.

Na ɗaya: Mahmuda, Kaka. An haife shi wajen 1931, ya rasu 1989. Malamin allurar shanu shekara talatin da uku. Mutum huɗu dabam-dabam sun gaya mini a shekarar annobar bushiya ta ƙarshe ya yi kwana arba'in bai kwana gida ba, daga Tamawa har bakin daji, kuma garken da ya riga cutar isa gare shi bai yi asara ba.

Na biyu: Mahmuda ɗan ƙanen Kaka, Saje Kambal. An haife shi 1961. Soja ne shekara ashirin da biyu, ya je aikin kwantar da tarzoma ƙasar waje sau biyu. Yana Kaduna, ɓarin jikinsa ya shanye tun 2014, ba ya fita.

Na uku: Mahmuda na Makera, ɗan babbar yayarku. An haife shi 1974. Ɗan kokawa ne da aka sani har Maraɗi, an ce shekara tara bayansa bai taɓa ƙasa ba, amma wannan daga bakin abokansa na ji. Daga baya ya koma sayar da hatsi. Ya rasu 2016 a haɗarin mota.

Na huɗu: Mahmuda Tukur, na Kurfi. An haife shi 1988. Makiyayi, ya iya allura da ɗinkin dabba, tare suka koya da Yaya. An kore masa garke duka a watan Maris na 2018, ya bi sawu bai dawo ba. Mutum ɗaya ya ce ya gan shi a wata kasuwa a 2019, ban tabbatar ba.

Na biyar: Mahmuda Zubair, na Barkiya, Yaya. An haife shi Talata, 14 ga Agusta, 1990. Yana da difloma kan lafiyar dabbobi. Yana rubuta kowace ruga da ya je da ranar da ya je a wani littafi mai koren bango, yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. A ɗauko shi.

Kawu, ka ga ke nan maganar Sabitu cewa Kambal ɗaya ne ba ta tsaya ba. Biyar ne, uku suna iya kasancewa da rai. Na duba shekarun sau uku. Saura Inna. Ko za ka yi mata magana? Ni na san ba za ta ji tawa ba.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne, in san ta isa.

Na'ima.

*

Kurfi,
Asabar, 9 ga Oktoba.

Na'ima,

Sallama. Muna lafiya. Ta iso. Na samu koren littafin. An bar ni na kai masa fura jiya, ya sha kaɗan, akwai zazzaɓi a jikinsa.

Mahaifiyarki ta ce ba ta iyawa. Na yi mata faɗa, ta ce in kashe ta ya fi mata sauƙi.

Takardarki kuwa ba za ta je gaban mutanen nan yadda take ba.

Tukur.

*

Dutsin-Ma,
Lahadi, 10 ga Oktoba,
ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Hajiya. Zazzaɓin nan ya tsorata ni, in hannun ya fara ruwa ne fa? Na ba Bilya ƙwayoyi iri biyu da mai kemis ɗin unguwarmu ya ce a gwada, an rubuta yadda ake sha a jikin ledar.

Ban gane layinka na ƙarshe ba. Ina kuskuren yake? In shekarar haihuwar Kaka ce, na rubuta "wajen" don babu takarda. In maganar Baturen ce kake ganin za su yi dariya, ina da hoton takardar shaidar mai sa hannunsa, zan sa a wanke a shagon hoto in aiko. In ka ga na yi tsawo ne, sai in rage labarin kokawar. Malamin da ya duba aikina bai sami ko shekara ɗaya da ta kauce ba. Don Allah Kawu, saura kwana huɗu, ba lokacin gyaran rubutu ba ne kamar muna aji.

Ƙarfe ɗaya da minti goma.

Ban yage abin da ke sama ba, don ka ga irin wautata. Na karanta wa Goggo kwafin takardar don ta taya ni neman kuskuren. Da na zo layi na huɗu ta ajiye tsintsiya ta ce, "Sake karantawa." Na sake. Ta ce, "Ke wannan kika aika wa Malam? Ya tashi gaban masu bindiga ya karanta da bakinsa? Ɗansa na fari? Innalillahi. Wane irin karatu ne wannan da ya cinye miki hankali?"

Wallahi Kawu ban gani ba. Ni dai na ga biyar ne, na rubuta biyar. Ban tsaya na ga cewa duk wanda ya ji "ya iya allura da ɗinki, ya shiga daji bai dawo ba" ya gama yanke hukunci. Shekara uku ban taɓa jin ka ambace shi ba, na ɗauka kunyar ɗan fari ce kawai. Ka yafe mini.

Na sake rubuta takardar ba da layin ba, ga ta nan haɗe. Kambal huɗu. Amma dole in faɗi abin da ke hana ni zama. Rabin Kurfi sun san shi. In mutum ɗaya a zaman nan ya tashi ya ce Malam, ina naka, to duk sauran ta zama ƙarya, har koren littafin. In kuma ka karanta mai biyar, ka miƙa masu sunan ɗanka, alhali ba mu san ya yi komai ba, ba mu ma san yana da rai ba. Na juya ta kowane gefe ban sami ta uku ba.

Ba zan ce maka ga wadda za ka ɗauka ba. Yayana ne, ka san abin da zuciyata ke so, ina jin kunyar hakan.

Na'ima.

*

Dutsin-Ma,
Laraba, 13 ga Oktoba,
ƙarfe huɗu na yamma.

Kawu,

Sallama. Kwana uku ba amsa. Bilya bai fita ba Litinin da Talata, an ce an ga mutanen daji sun tsallaka titi, direbobi suka ajiye motoci. Yau ya je ya dawo, ya ce ya sami gidanka a rufe, maƙwabta sun ce ka tafi Barkiya tun jiya. Ban san ko takardata ta Lahadi ta same ka kafin ka tafi ba, ya ce mai shagon kusa da kai ya ba wa.

Ɗazu wata mata a layin famfo ta ce ta ji an riga an gama da wani mai magani a wajen Kurfi. Na tambaye ta yaushe, a wane gari, wa ya gaya mata. Ta ce, "Ke 'yar nan, ni ma ji na yi." Na dawo gida ba bokitin.

In fushi kake da ni, ka yi, amma ka aiko mini da kalma ɗaya. Gobe ne.

Na'ima.

*

Kurfi,
Juma'a, 15 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci.

Ɗiyata Na'ima,

Wa alaikumus salam. Yana gidana, yana barci a ɗakin zaure. Na fara da wannan don na san ki. Yanzu sha ruwa ki karanta sauran.

Takardarki ta Lahadi ta same ni, da ƙwayoyin. Ba fushi nake ba. Ba ni da abin rubutawa ne. Na tafi Barkiya da takardun biyu, ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu, kuma har muka zauna jiya ban san wadda zan ciro ba.

An yi zaman a ƙofar gidan mai unguwa. Mutane sun fi ɗari. Aka fito da shi aka zaunar a rana. Yaran Sabitu na tsaye bayansa da bindigogin ƙira, ɗaya na cewa, "Likita, yau wa za a yi wa allura?" Sabitu ya tsawata masa. Na ba liman koren littafin, ya duba ranakun Agusta, ya kira sunayen rugage, Ardo biyu da ke wurin suka ce haka ne, shanunsu ya yi wa. Sabitu ya ce, "Mai zuwa daji da rana ba ya rubuta inda ya je a ɓoye. Malam, ina abin da ka ce za ka kawo?"

Na dubi yaron nan a ƙasa, leɓensa ya tsage, ƙudaje na bin hannunsa. Na tuna ni na yi masa huɗuba, ni na raɗa masa sunan a kunne. Na ciro ta farko, mai Kambal biyar.

Shekarata sittin da uku, ban taɓa furta sunan mahaifina a gaban mutane ba. Jiya na furta shi sau biyar. Da na karanta na ɗaya, wani tsoho ya ce, "Allah ya jiƙan Kambal babba, shi ya tsare mana shanu shekarar bushiya." Na uku kuwa har aka yi 'yar dariya, wani ya ce Kambal ɗin ya taɓa kayar da wansa a dandalin Makera. Da na zo na huɗu wurin ya yi tsit. Na karanta shi duka yadda kika rubuta, har da "ban tabbatar ba".

Sabitu ya ce, "Malam, ka san abin da ka faɗa?" Na ce, "Na sani. Ban ce shi ne ba. Na ce akwai shi, kuma ni na haife shi." Sannan ya ce, "Shekaranjiya wani ya zo ya gaya mini kana da ɗa mai wannan suna. Jira nake in ga ko za ka tsallake shi. Da ka tsallake, da mun tashi zaman nan." Kin ji, Malama. Tsoronki ya yi daidai.

Amma bai sake shi ba. Ya ce, "Saura ɗaya. In mutumin kirki ne, mi ya sa uwarshi ta ƙi shi gaban jama'a?" Liman ya fara bayanin kunyar ɗan fari, yaran suka ce wannan zancen da ne, uwa ta ga za a kashe ɗanta ta tsaya kunya? Ni ban san Hawwa'u ta biyo ni ba, don da asuba ta ce mini ba ta zuwa. Sai na ga mata suna darewa. Ta zo tsakiyar fili ba takalmi, ta yaye mayafin daga fuskarta. Ta buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito. A na uku ta ce, "Mahmuda."

Yaron bai amsa ba. Ya waiga yana neman wanda ake kira, don bai taɓa jin sunan da muryarta ba. Ta sake cewa, da ƙarfi, "Mahmuda! Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar Talata, ana ruwa. In za ku kashe shi ku fara da ni." Tsofaffin mata suka toshe baki. Shi kuwa da duk dukan da aka yi masa bai yi hawaye ba, ya ce "Na'am, Inna," ya kifa kai.

Sabitu da kansa ya yanke igiyar. Bai ba da haƙuri ba. Da zan tafi ya raka ni taku kaɗan ya ce, "Malam, in mun gamu da na huɗun, ba zan iya yi maka alkawarin komai ba." Na ce ban nema ba.

Mahaifiyarki ta koma Barkiya, ta shiga ɗaki ta rufe, ta ce ba ta iya haɗa ido da kowa. Hajiya, uwar na huɗun, ta ji abin da na karanta kafin in iso gida. Ta kawo mini abinci, ta yi wa yaron ruwan zafi, ba ta ce mini komai ba har yanzu.

Gobe za mu kai shi a duba hannun. Ki ce wa Rabi ta ba ki takalmanki.

Kawunki,
Tukur.

*

Dutsin-Ma,
Asabar, 16 ga Oktoba,
ƙarfe bakwai da kwata na safe.

Kawu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Goggo ta yi ta kuka har maƙwabta suka shigo suna zaton rasuwa aka yi. Ina gaida Yaya. Ina gaida Hajiya, in za ta karɓi gaisuwata. Bilya ya ce motar safe ta cika, sai ta azahar, don haka wannan za ta riga ni isowa. Ya ce in gaya maka yanzu ya san Kambal nawa gare mu.

Na so in yi maka godiya, na rubuta na yage sau uku, duk abin da na sa ya yi ƙanƙanta. Abin da na iya kawai zan yi. Malaminmu ya ce duk mai bincike ya rufe aikinsa da abin da bai gano ba, kada a ɗauka ya san komai. Ga nawa.

Ban san ko hannun Yaya zai sake riƙe sirinji ba, ko in ya warke zai yarda ya koma rugage.

Ban san ko mutumin da ya fara ambaton Kambal gaskiya ya faɗa ba, ko duka ne ya sa ya kama sunan da ya taɓa ji. Ba wanda ya gaya mini inda yake yanzu balle a tambaye shi.

Ban san wanda ya je wa Sabitu da maganar ɗanka ba.

Ban san sunan farko na Baturen nan ba, harafi ɗaya ne a takardar. Ban san ko ya taɓa jin cewa ya bar sunansa a Barkiya ba.

Ban san ko Inna za ta sake kiran Yaya da sunansa ba, ko sau biyun nan ne na duk rayuwarta.

Ban san ko na huɗu yana da rai ba. In yana da rai, ban san ko shi ne suke nema ba, ko kuwa yana can wani gari yana kiwon shanun wani, bai san komai ba. Ban san ko labarin zaman Alhamis zai kai masa, da wanda ya karanta, da wadda ta rubuta.

Na sake duba layin nan jiya, kalma bayan kalma. Babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Ban san yadda zan dubi Hajiya ba in ta buɗe mini ƙofa.

'Yarka,
Na'ima.